Gargaɗi: Kada A Kai Wa Tsohuwar Mota Wuta Sai An San Abin Da Ke Jikinta

Ga masu walda, da masu gyaran jikin mota, da iyayen da suka kai 'ya'yansu gareji koyon sana'a, da duk wanda ya jawo tsohuwar mota daga inda aka jingine ta yana so ya tashe ta: tankin fetur da aka juye, wanda ake cewa "ai babu komai a ciki", ya fi cikakken tanki saurin kisa. Kada a kai masa wuta. Kada a bar tartsatsin giranda ya sauka kusa da bakinsa. Ko an ɗauraye shi da ruwan omo, ko ya shekara goma a rana, haɗarin yana nan.

Maganar ta zama ta gaggawa ne saboda tsofaffin motoci suna ta komawa gareji. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, darajar Naira kuma ta faɗi, motar Kwatano ta fi ƙarfin mutane da yawa, sai ido ya koma kan abin da ke ajiye a bayan gida. Kuma akwai su da yawa. Kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri, Kaduna, a 1975, Fijo 504 kuwa ta ci gaba da fitowa daga can har tsakiyar shekarun 2000, bayan an daɗe da daina yin ta a Faransa. A shekarar 1975 ɗin dai Volkswagen ya buɗe a Legas, ANAMMCO ya biyo baya a Inugu a 1980 da manyan motocin Mercedes, ga Steyr a Bauchi, ga Fiat a Kano. Wani a-kori-kura yake so ya tasa ya nemi abinci, wani roka ce ta gado, wani kuma sha'awa ce kawai: motar mahaifinsa ce, yana so ya gan ta tana sheƙi kamar ranar da aka sayo ta. Duk niyya ce mai kyau, ina kuma murna da ita. Sai dai motar da aka ƙera shekara 40 ko 50 da suka wuce an yi ta ne da abubuwan da yanzu aka hana, ta kuma tara wasu a zaman da ta yi, kuma wuta ce ke tayar da su duka.

Ruwan fetur ba shi ne ke fashewa ba. Tururinsa ne, idan ya gauraya da iska daidai gwargwado, wato tsakanin kashi 1.4 da 7.6 cikin 100. A cikakken tanki tururin ya yi yawa, iskar ta yi kaɗan. A wanda aka juye kuwa iska ta cika shi, ɗan abin da ya rage ya ishe ta. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Ingila ta daɗe tana gargaɗin cewa cokalin shayi ɗaya na mai a cikin duro ya isa ya tarwatsa shi idan ya ji zafi. Wannan cokali ɗayan kuma ba a ganin sa. Yana maƙale a cikin naɗin ƙarfe inda aka haɗa rabi biyu na tankin, yana bayan farantan da aka gitta a ciki don hana mai tangal-tangal, yana cikin ɓawon tsatsa, yana cikin jan danƙon nan da tsohon fetur ke bari idan ya bushe. Ruwa ba ya fitar da shi. Da ƙarfe ya ɗauki zafi sai ya narke, ya zama tururi, ya tarar da wuta tana jiran sa.

Akwai dabaru biyu da ake yi a garejinmu waɗanda ya kamata a bar su daga yau. Ta farko, a sa tiyo daga salansar wata mota zuwa cikin tankin, a ce hayaƙi zai kori iska. Hayaƙin tsohuwar mota mai kafireto yana ɗauke da fetur ɗin da bai ƙone ba, na injin dizal kuma yana ɗauke da iskar oksijin mai yawa, kuma babu wanda ya auna abin da ke cikin tankin kafin ya kunna wuta. Ta biyu, a ƙyasta ashana a bakin tanki don ya yi "fuu" sau ɗaya, a ce ya huce. Wanda ya yi haka ya tsira, sa'a ya ci, kuma ko ya tsira ɗin, zafin walda zai sake fito da sabon tururi daga lungunan da na ambata. Na san amsar da za a ba ni: "Malam, shekara nawa muna yi, ba abin da ya faru." Gaskiya ne, sau da yawa awon iska da tururi ba ya dacewa. Ranar da ya dace, mai walda yana durƙushe ne, fuskarsa taku ɗaya daga ƙarfen.

Abin yi a fili yake. Kafin a fara kowane aikin wuta a jikin mota, a tsiyaye mai cikin jarka mai murfi a waje, a kwance tankin gaba ɗaya, a kai shi nesa, a toshe bututun mai. A san inda tankin yake tun kafin a ɗauko kayan aiki: na Volkswagen mai ƙirar kunkuru yana gaba, batir ɗinta kuma yana ƙarƙashin kujerar baya, na tsohuwar Land Rover yana ƙarƙashin kujerar gaba, mutum a kansa yake zaune. A tuna tururin fetur ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu, ƙasa yake bi, ya gangara ramin gareji ko kwata ya kwanta, tartsatsi daga can nesa ya same shi. Idan tanki ya huje, a nemi wani a kasuwar Ƙofar Ruwa ko Fanteka ko Katako ta Yamai, ko a sa a ƙera sabo da sabon ƙarfe. In kuwa babu makawa sai an gyara wannan ɗin, aikin masu kayan aiki ne: a wanke da tururin ruwa mai zafi, a auna da na'urar gano gas, a cika da ruwa ko iskar naitirojin, a bar ƙofar numfashi a buɗe. Wanda ba shi da waɗannan, ya ce ba zai yi ba. Ba abin kunya ba ne.

Masu manyan motoci kada su ce nasu dizal ne. Gaskiya dizal ba ya kama ashana cikin sauƙi, amma da ya wuce zafin digiri 55 ko makamancin haka yana fitar da tururi mai kamawa, harshen wutar gas kuwa ya haura digiri 3,000. Hukuncin ya hau kan tankin roka, da tankar dakon mai, da duron da ake yankawa a yi murhun tsire ko mazubin ruwa.

Akwai wani abin da mutane ƙalilan suka sani, kuma yana kashe ƙwararru: walda a jikin wili alhali taya tana kai. Ko an sace iskar, zafi yana ratsa ƙarfe ya shiga roba, robar ta fara ruɓewa daga ciki tana fitar da gas mai kamawa, matsi ya riƙa hauhawa shiru. Tana iya fashewa nan take, tana iya jira sai an gama aiki an zauna cin abinci. Tayar gingimari idan ta tashi, da ƙarfen take tashi. Haka dumama notin taya da ya ƙi kwantuwa. A cire taya daga wili tukuna, wilin da ya tsage kuma a jefar da shi.

Sai sabuwar fitina, tukunyar iskar gas ta mota. Tunda mutane suka fara mayar da motoci kan CNG don gudun tsadar fetur, wasu suna kai wa mai walda ya ƙera masu tukunya, ko ya gyara ta girki. Gas ɗin mota ana ɗura shi da matsi mai awon bar 200. Na girki bai kai ko kashi ɗaya cikin goma na haka ba. Tukunyar gaske daga dunƙulen ƙarfe ake fitar da ita, ba ta da ɗinkin walda a jikinta. A watan Oktoba na 2024 wata mota ta tarwatse a gidan ɗura gas a birnin Benin, mutane suka jikkata, hukuma kuma ta ce tukunyar ƙirar hannu ce da aka yi wa walda. Duk mai waldar da aka kawo wa wannan aiki ya ƙi karɓa, kuma kada a ɗiga ko ɗigon walda ɗaya a jikin tukunyar gaske, ko da don maƙala mata ƙafa ne.

Kayan aikin su kansu suna buƙatar magana. Galibin masu gyaran jikin mota da wutar gas suke aiki, kuma da yawa tukunyar kabaid ce ƙirar gida: a zuba duwatsun, ruwa ya taɓa su, gas ya taso. Kilo ɗaya na kabaid yana ba da kusan lita 300 na asitilin. Wannan gas ba shi da haƙuri. Yana kamawa daga kashi 2.5 har sama da 80 cikin 100 na iska, kuma idan matsinsa ya wuce kimanin bar ɗaya yana iya fashewa shi kaɗai, ba tare da iska ba. Idan ya daɗe yana bi ta bututun jan ƙarfe yana haifar da wani gishiri mai fashewa da ɗan bugu, don haka kada a yi masa mahaɗi da jan ƙarfe. Ku dubi tiyon da ke garejinku. Idan ya tsattsage, an ɗaɗɗaure shi da robar tif ɗin keke, yau ne ranar canza shi. A gwada yoyo da ruwan sabulu, ba da ashana ba. Idan bakin wuta ya yi "tas" sannan ya kama fito, wuta ce ta koma ciki tana bin tiyo. A rufe oksijin nan take, sannan gas. Akwai ɗan ƙarfen da ake ɗaurawa a bakin tiyo don tare irin wannan wutar, kuɗinsa bai kai na gyaran ƙofa ɗaya ba, kuma tukunyar kabaid mai tarkon ruwa a riƙa duba ruwan kowace safiya. Tukunyar oksijin a tsaye ake ajiye ta, a ɗaure da sarƙa. Kada maiko ko baƙin mai ya taɓa bakinta, domin maiko yana kamawa da kansa a cikin oksijin mai matsi. Kada kuma a kakkaɓe ƙurar riga da ita. Rigar da ta sha oksijin ƙyas ɗaya take jira.

Wutar da ke tashi bayan an tafi gida ita ma ta ci gareji da yawa. Ƙarƙashin tsohuwar mota shafe yake da baƙar kwalta, cikin ƙofa akwai kwali, kujeru cushe suke da zaren kwakwa da soso, lungunan bodi kuma sheƙar ɓera ce da busasshen ganye. Ana walda a waje, ciki yana ci a hankali. A cire kujeru da shimfiɗa, a kankare kwalta tafin hannu biyu kewaye da wurin aiki ta fuska biyu, a cire kan batir, a ajiye yashi da abin kashe gobara kusa. A daina aikin wuta awa ɗaya kafin a rufe, a zagaya ana shinshinawa. Mai Volkswagen ya ƙara sanin cewa gidan injinta na maganiziyam ne: in ya kama, ruwa ƙara masa ƙarfi yake yi, busasshen yashi ake zubawa.

Waɗannan su ne masu kisa nan take. Waɗanda suka fi damu na su ne masu bin mutum gida, domin babu wanda ke danganta su da gareji.

Ana yawan toshe ƙasan mota da kwanon rufi ko jikin tsohon firji, saboda arha. Kwano shafe yake da tutiya, tutiya kuma tana tafasa a digiri 907, tun ƙarfe bai narke ba. Shi ne farin hayaƙin nan mai kauri da ke barin gari fari-fari mai ɗan rawaya a gefen ɗinki. Mai walda zai shaƙa da rana lafiya lau. Da dare, bayan awa huɗu zuwa goma, sai sanyi ya rufe shi, jiki ya yi zafi, gaɓoɓi su yi ciwo, baki ya yi ɗanɗanon ƙarfe. Da safe a ce maleriya ce, a aika yaro kemis. Kwana ɗaya ko biyu ta sake shi, a ce magani ya yi aiki, a koma kan kwanon. Duk mai waldar da zazzaɓinsa ke zuwa daren ranar da ya yi aikin kwano, ya gaya wa likita sana'arsa. Maganar madara kuwa, wadda ake sha bayan aiki a ce tana wanke ƙirji, a sha don abinci ce. Ciki take zuwa. Hayaƙi huhu ya tafi, ba su haɗu ba.

Ba tutiya kaɗai ba. A 2017 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke Liyon a Faransa, ta sa hayaƙin walda cikin rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa, musamman ta huhu. Kowace irin walda, har ta baƙin ƙarfe na yau da kullum. A kan haka ne Ingila ta tsaurara doka a 2019: ba a yarda a yi walda ba tare da kariya daga hayaƙi ba, komai ƙanƙantar aikin, ko da a fili ake yi. Mu da yawanci a fili muke aiki muna da ɗan sauƙi, amma sauƙin yana ƙarewa da zarar mutum ya cusa kansa cikin but ko ƙarƙashin kujera yana ɗinkin ƙasan mota, hayaƙi yana tashi kai tsaye cikin garkuwar fuskarsa. A tsaya ta inda iska za ta ɗauke hayaƙi gefe, a sa fanka ta ja shi waje, a sa takunkumi mai matata na gaske. Hankici da takunkumin asibiti ba sa tare shi.

Sai dalma. Kafin filar roba ta yaɗu, kamfanoni da dalma suke cike gaɓar rufi da kafaɗun mota, gauraye kashi 70 dalma, 30 kuza. Tsohon fenti, musamman jan share-fage na ƙarƙashi da launukan rawaya da ja, shi ma yana ɗauke da ita, cikin tsohon tanki da salansa kuma akwai ragowar ta zamanin fetur mai dalma. Idan kana goge gaɓar rufi ka ga wani ƙarfe mai laushi, toka-toka, yana danƙare wa takardar gogewa, tsaya. Ita ce. Giranda tana mayar da ita ƙura, wuta tana mayar da ita hayaƙi. Mutanen Arewa ba sa buƙatar a yi masu dogon bayani a kan dalma: a 2010 ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Zamfara, kuma ƙura ce aka shigo da ita cikin gidaje. Ƙurar gareji ma haka take tafiya, a riga, a gashi, a ƙarƙashin farce. Uba ya dawo, ƙaramin yaro ya rungume ƙafarsa, ya sa hannu a baki. Babban mutum zai yi fama da ciwon ciki da hawan jini da ciwon ƙoda, yaro kuwa ƙwaƙwalwarsa take taɓawa, kuma abin da ta ɓata ba ya dawowa. Kayan aiki su kwana a gareji. A wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci ko goro. Kada a ƙone tsohon fenti da wuta don a huta da kankara.

Mafi sharrin su duka yana zuwa ne daga tsafta. Mutum yana so ƙarfe ya fita tas kafin walda, sai ya fesa masa maganin wanke birki na gwangwani. Wasu daga cikin waɗannan suna ɗauke da sinadarin kulorin, kuma idan zafi ko hasken walda ya taɓa ko ɗigon da ya rage a rami, yana rikiɗewa ya zama fosjin, gubar da aka yi yaƙi da ita a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Warinta kamar na ɗanyar ciyawa da aka yanka, ba ya tsoratarwa. Mutum zai ɗan yi tari ya ci gaba da aiki, bayan awoyi, wani lokaci har kwana guda, huhu ya cika da ruwa. Tsohon gas ɗin na'urar sanyaya mota, R-12, wanda ke cikin motocin da aka yi kafin tsakiyar shekarun 1990, shi ma haka yake yi in ya haɗu da harshen wuta. Duk gwangwanin da ba a karanta jikinsa ba, kada ya kusanci wurin walda. Wanda ya shaƙi baƙon hayaƙi ya ji ƙirjinsa ya ɗaure, asibiti zai tafi a ranar, ko ya ji ya warware.

Ƙurar birki da kuloci na tsofaffin motoci kuma asbestos ce, ciwonta sai bayan shekara 20 zuwa 40 yake bayyana. Kada a hure ta da iskar kwamfuresa. A jiƙa, a goge da tsumma, a ƙulle tsumman a leda.

Yanzu ga iyaye da masu gida, maganar yaro. Ku tsaya bakin kowane gareji ku duba: maigida yana riƙe da gilashi, ko da fasasshe ne, yaron da ke danne masa ƙarfe kuwa ba shi da komai, sai dai ya kau da kai ko ya runtse. Hasken walda yana ƙone fatar ƙwayar ido. Ba a ji a lokacin. Sai tsakar dare, bayan awa shida zuwa goma sha biyu, yaro ya farka yana kuka, ido ya yi ja, hawaye na zuba, kamar an watsa masa yashi. Yawanci yana warkewa cikin kwana biyu ko uku idan an bar shi ya huta a duhu da tsumma mai sanyi. Abin da ke makantarwa shi ne abin da ake ɗigawa: ruwan albasa, ruwan sukari, nono, da maganin kashe zafi na kemis da ake ta maimaitawa har ƙwayar ido ta yi gyambo. In ciwon ya wuce kwana biyu, ko ana zaton ɓarɓashin ƙarfe ya shiga, a tafi asibitin ido. Akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, akwai asibitin ido na ECWA a Kano. Kada a sa tsinke ko maganaɗisu a ciro. Baƙin tabarau na kasuwa ba kariya ba ne. Waldar lantarki gilashi mai lamba 10 zuwa 13 take so, ta gas lamba 5 ko kusa da haka, kuma garkuwa biyu ake saya, ɗaya ta maigida, ɗaya ta yaro. Wanda ya karɓi ɗan mutane amana ya karɓa. Uba kuma yana da haƙƙin ya je ya ce, "Maigida, ina gilashin yaron nan?"

Haka giranda. An cire mata murfi don faifai babba ya shiga, ko an ɗauko ragowar faifan babbar giranda an ɗaura wa ƙarama. Faifan inci 9 an yi shi ne don juyi kusan 6,600 a minti, ƙaramar giranda tana yin 11,000. In ya tarwatse, fuska da wuya yake nema.

Saura haɗarin da ba ya taɓa mai walda, sai wanda ya shiga motar. Fatar jikin mota ba ta wuce kaurin milimita ɗaya ba, kuma a mota irin 504 salun babu wani casis daban a ƙarƙashi: dogarin ƙofa, da ginshiƙai, da ƙasan motar su ne ƙashinta. Abin da ake yi kullum shi ne a ɗora faci a kan tsatsa, a ɗiɗɗiga walda nan da can, ko a liƙa da jan ƙarfe, a shafe da fila mai kaurin yatsa, a fesa fenti. Ta fito tana ƙyalli. Tsatsa tana ci a ƙarƙashi, ranar karo kuma motar ta naɗe kamar tabarma, da mutane a ciki. A Ingila, motar da tsatsa ta ci kusa da mazaunin birki, ko sitiyari, ko sufirin, ko bel ɗin kujera da tazarar santimita 30 ba ta cin jarrabawar hawa titi, facin irin wannan wuri kuma dole a ɗinke shi ɗinki mai ɗorewa kewaye, ba a karɓar liƙin jan ƙarfe. Wannan awo ne mai kyau ko babu jami'in da zai duba. A yanke ruɓaɓɓen ƙarfe har a kai ga mai rai, a sa sabo mai kauri ɗaya da na asali, a tokare bakin ƙofa da ƙarfe kafin a yanke dogari don kada motar ta lanƙwashe. Mai mota ya riƙe ƙaramin maganaɗisu: inda ya ƙi kamawa a jikin motar ƙarfe, fila ce.

A manyan motoci abin ya fi muni, domin roka ɗaya tana ɗaukar mutanen ƙauye guda ranar kasuwa. Casis ɗin da yawa daga cikinsu ƙarfe ne da aka gasa aka ba shi ƙarfi, shi ya sa kamfanoni ke manna gargaɗin kada a huda ko a yi walda a leɓensa na sama da na ƙasa. Ɗinki a gicciye a kan leɓe nan ne zai karye, ba ranar da aka yi ba, sai an yi lodi an hau gargada. Sandar sitiyari, da hannunsa, da ganyen sufirin, da bututun birki, ba a yi masu walda sam. Canzawa ake yi.

Alhaji mai mota, kai ma da naka. Kai ne kake cewa, "Injiniya, ɗan taɓa min nan kawai, sauri nake," kai ne kake ƙin biyan kuɗin kwance tanki, kai ne kake zaɓar wanda ya fi arha ba ka tambayi me ya rage ba. In abu ya faru a ce tsautsayi ne. Ƙaddara gaskiya ce, amma wanda aka gaya masa tankin da aka juye yana fashewa, ya ce a yi haka nan, za a tambaye shi. Ka biya kuɗin kwance tanki da kujeru. Ka ce a kira ka ka ga ɗinkin kafin a shafa fila. Shugabannin ƙungiyoyin masu walda da na kanikawa, ku karanta wannan a taronku na gaba, ku sa doka a kan tanki da taya da tukunyar gas, ku ci tarar wanda ya karya.

In kuma wuta ta riga ta taɓa mutum: a kashe ta jikinsa da bargo ko a mirgina shi a ƙasa, a zuba wa ƙunar ruwa mai sanyi mai tsafta na minti 20 cur, ba ƙanƙara ba. A cire zobe da agogo kafin wuri ya kumbura, amma kada a fizge rigar da ta manne. Kada a shafa man goge baki, ko ƙwai, ko gishiri, ko baƙin mai. A rufe da tsumma mai tsafta a tafi asibiti, musamman in ƙunar ta taɓa fuska, ko hannu, ko al'aura, ko ta fi tafin hannun mai ita faɗi, ko muryarsa ta dushe. Wanda lantarki ya kama, a kashe inji kafin a taɓa shi. Lambar gaggawa a Najeriya 112 ce, ta hukumar kiyaye haɗurra 122, ta 'yan kwana-kwana a Nijar 18. A rubuta su da fenti a bangon gareji, inda ƙaramin yaron shago zai iya gani.